Yadda Ake Kwatanta Faɗin Ƙasashe Biyu: Misalin Najeriya da Nijar

A majalisun hira na Kano da Katsina da Maraɗi, musu kan ƙasar da ta fi girma tsakanin Najeriya da Nijar yakan yi tsawo ba tare da an cimma matsaya ba, kuma sau da yawa laifin yana ga kalmar girma ita kanta. A Hausa girma yana ɗauke da ma'anar faɗi, da yawan jama'a, da ƙarfin arziki, da daraja, saboda haka mutum biyu suna iya kwashe sa'a guda suna jayayya alhali ɗaya yana maganar mutane, ɗayan kuma yana maganar fili. Duk wanda zai kwatanta ƙasashe biyu, ɗalibi ne ko malami ko ɗan jarida, abu na farko da ya wajaba a kansa shi ne ya tsayar da tambayarsa a kan abu guda. A nan tambayar ita ce faɗin ƙasa, wato yawan filin da ke cikin iyakokinta, wanda ake aunawa da murabba'in kilomita.

Murabba'in kilomita fili ne mai kusurwa huɗu wanda tsawonsa kilomita ɗaya ne, faɗinsa ma kilomita ɗaya. Ga wanda ya saba da lissafin gona, murabba'in kilomita ɗaya daidai yake da hekta 100, kowace hekta kuma ta kusa eka biyu da rabi. Da wannan ma'auni, faɗin Najeriya murabba'in kilomita 923,768 ne, na Nijar kuwa 1,267,000. Amsar ta fito ke nan a sarari, Nijar ta fi faɗi. Sai dai samun lambobi biyu da ɗora ɗaya a kan ɗaya shi ne mafi sauƙi a cikin aikin, domin kurakuran da suka fi yawa suna faruwa ne tun kafin a kai ga lissafi, a wajen zaɓen lambobin da za a yi aiki da su.

Ka ɗauko adadin ƙasashen biyu daga wuri ɗaya. Sashen ƙididdiga na Majalisar Ɗinkin Duniya, da Bankin Duniya, da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya duk suna wallafa jadawalin faɗin ƙasashe, kuma kowanne yana ƙoƙarin bin ƙa'ida guda ga dukkan ƙasashen da ke cikin jadawalinsa. Idan ka ɗauki adadin wannan ƙasa daga littafin makaranta, ka ɗauki na waccan daga wani shafin intanet, babu tabbacin cewa abu iri ɗaya aka auna a wuraren biyu. Hukumomin cikin gida, kamar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a Abuja da takwararta ta Yamai, su ne suka fi dacewa idan ana neman faɗin jihohi da yawan mazaunansu, amma idan ƙasa da ƙasa ake gwadawa, jadawali ɗaya da ya haɗa su biyun ya fi kwantar da hankali.

Bayan haka sai ka duba ma'aunin da aka yi amfani da shi. Littattafan Amurka, da tsofaffin littattafan da aka buga a Ingila, sukan ba da faɗi da murabba'in mil, kuma a cikinsu za ka tarar da Najeriya a matsayin 356,669. Wanda bai lura ba, ya gwada wannan adadi da 1,267,000 na Nijar, zai fito da cewa Nijar ta ninka Najeriya sau uku da rabi, wanda kuskure ne babba. Akwai kuskure na biyu da ke ɓoye a cikin gyaran na farkon. Mutane da yawa sun san cewa mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, don haka sai su ninka da 1.6 su ɗauka sun gama. Wannan lissafin tsawo ne, kamar nisan da ke tsakanin Kano da Damagaram. Fili kuwa yana da tsawo da faɗi, kuma dole a juya kowannensu, shi ya sa murabba'in mil ɗaya ya zama murabba'in kilomita 2.59. Idan ka ninka 356,669 da 2.59, za ka dawo dab da 923,768.

Masu karanta takardun Nijar da Cadi da Kamaru su kula da wani ƙaramin abu a nan. A tsarin rubutun Faransanci ana raba dubbai da gurbi ko da ɗigo, ana kuma nuna gutsure da waƙafi, akasin abin da aka saba da shi a Najeriya da Gana. Faɗin Nijar yana iya bayyana a matsayin 1 267 000 ko 1.267.000, kuma 2,59 a can yana nufin 2.59 na nan. Na'urar lissafi ba ta san wannan bambanci ba, abin da aka danna mata take bi.

Matakin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne bambancin da ke tsakanin jimillar faɗi da faɗin tudu. Jimillar faɗi ta ƙunshi duk abin da ke cikin iyaka, har da koguna da tafkuna da madatsun ruwa, faɗin tudu kuwa shi ne abin da ya rage bayan an cire ruwan. A Najeriya ana lissafa ruwa kimanin murabba'in kilomita 13,000, abin da ya bar tudu 910,768. A Nijar ruwan da ake lissafawa 300 ne kacal, tudun kuma 1,266,700. Tsakanin waɗannan ƙasashe biyu cire ruwa bai sauya komai ba, domin tazarar tana da yawa. Amma ka gwada Nijar da maƙwabciyarta ta gabas ka ga yadda lamarin ke juyawa. Jimillar faɗin Cadi 1,284,000 ne, wato ta ɗara Nijar da 17,000. Ruwan da aka saba lissafa wa Cadi kuwa 24,800 ne, kuma idan aka cire shi tudunta ya koma 1,259,200, ƙasa da na Nijar. Wanda ya ce Cadi ta fi faɗi ya yi gaskiya, wanda ya ce Nijar ta fi tudu shi ma ya yi gaskiya, muddin kowannensu ya faɗi ma'aunin da ya bi. Kuma ko adadin ruwan kansa ba a tsaye yake ba, domin Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai bayan fari na shekarun 1970 da 1980, har ruwan da ke buɗe ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na yadda yake a da, kuma har yau yana ƙaruwa yana raguwa gwargwadon damina.

Irin wannan sauyin matsayi yana faruwa har a tsakanin manyan ƙasashen duniya. Rasha ce ta ɗaya ko ta wace fuska aka duba, da murabba'in kilomita fiye da miliyan 17. Kanada ce ta biyu a jimilla, da 9,984,670, amma daga ciki 891,163 ruwa ne, wato tafkuna da kogunan Kanada kaɗai sun kusa kai faɗin Najeriya gaba ɗayanta. Da zarar an cire ruwa, Sin ce ke hawa matsayi na biyu, Amurka na uku, Kanada ta sauko zuwa na huɗu. Tsakanin Sin da Amurka ma akwai saɓani kan wadda ke matsayi na uku a jimilla, saboda wasu jadawalai suna saka wa Amurka ruwan gaɓar teku, faɗinta ya zama 9,833,517, alhali adadin Sin na 9,596,960 bai ƙunshi irin wannan ruwa ba. Duk lokacin da ƙasashe biyu suka kusa da juna a faɗi, karanta ƙaramin bayanin da ke ƙasan jadawali kafin ka yanke hukunci.

Sai tambayar iyaka, wato wace ƙasa ce daidai ake aunawa, kuma a wace shekara. Kafin ranar 9 ga Yuli 2011, Sudan ce ƙasa mafi faɗi a Afirka, da murabba'in kilomita kimanin miliyan 2.5. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle, abin da ya rage wa Sudan ya koma kimanin miliyan 1.86, Aljeriya mai 2,381,741 ta karɓi matsayi na farko, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango mai 2,344,858 tana biye da ita. Har yanzu akwai tsofaffin littattafai da taswirori a makarantu da ke nuna Sudan a tsohon yanayinta, don haka duba shekarar bugu wajibi ne. Iyakokin yankinmu ma sun motsa, ko da yake da ɗan kaɗan. A watan Oktoba na 2002 Kotun Duniya da ke Hague ta yanke hukunci kan iyakar Najeriya da Kamaru, daga Tafkin Cadi har zuwa teku, aka kuma kammala miƙa Bakasi ga Kamaru a watan Agusta na 2008. A 2005 kotun ta tabbatar wa Nijar tsibirin Lete a shari'arta da Jamhuriyar Binin. Waɗannan filaye ƙanana ne idan aka gwada su da faɗin ƙasashen, shi ya sa ba a ganin tasirinsu a manyan jadawalai, amma sun isa su nuna cewa lambobin ƙarshe na adadi kamar 923,768 ba su kai a ɗora musu nauyi mai yawa ba. Adadin Nijar da ya ƙare da sifili uku ma yana nuna cewa an dunƙule shi ne, don haka babu amfanin fitar da amsa mai gutsure biyar ko shida daga gare shi.

Faransa misali ce mai kyau ta yadda iyaka ke sauya amsa. Faɗin ɓangarenta da ke Turai kimanin 551,500 ne, kuma da wannan adadi Nijar ta ninka ta sau 2.3. Amma Faransa tana da lardunan ƙetare, mafi girmansu Giyana da ke Kudancin Amurka, kuma idan aka haɗa su jimillar takan kai 643,801. Da wannan adadi na biyu Nijar ba ta cika ninki biyu ba. Saboda haka jumlar nan da ake yawan ji, cewa Nijar ta ninka Faransa fiye da sau biyu, daidai ce idan Faransar Turai ake nufi, kuma ya kamata mai rubutu ya bayyana hakan. Haka lamarin yake ga Maroko, wadda faɗinta ke sauyawa da murabba'in kilomita kimanin 266,000 gwargwadon ko an haɗa da Yammacin Sahara ko ba a haɗa ba, da kuma yankin Hala'ib da Masar da Sudan kowacce ke cewa nata ne.

Idan lambobin sun tsaya, lissafin iri uku ne. Na farko ɗebewa: ka cire 923,768 daga 1,267,000, sauran 343,232. Na biyu rabawa: ka raba babban adadi da ƙaramin, ka sami 1.37, ma'ana Nijar ta kai Najeriya ɗaya da ɗan abin da ya haura sulusinta. Na uku shi ne kaso cikin ɗari, kuma a nan ne har masu ilimi ke tuntuɓe. Idan ka raba tazarar nan ta 343,232 da faɗin Najeriya, za ka sami kashi 37 cikin ɗari, kuma daidai ne a ce Nijar ta fi Najeriya da kashi 37. Amma idan ka juya maganar ka ce Najeriya ta gaza Nijar da kashi 37, ka yi kuskure, domin yanzu da Nijar ake auna tazarar, kuma 343,232 cikin 1,267,000 kashi 27 ne. Ƙa'idar ita ce a raba tazara da faɗin ƙasar da ake gwadawa da ita, wato wadda sunanta ke zuwa bayan “fi” ko “gaza”.

Manyan lambobi ba su cika zama a kai ba, don haka yana da kyau a fassara su zuwa abin da mai sauraro ya sani. Tazarar da ke tsakanin Nijar da Najeriya ta fi faɗin Gana, mai kimanin 238,500, da na Togo, mai 56,785, idan aka haɗa su wuri ɗaya, har da saura. Jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗi a Najeriya da 76,363, za ta shiga cikin wannan tazara sau huɗu da rabi, Jihar Kano mai 20,131 kuma sau 17. Wata hanya mai amfani ita ce a ƙaddara cewa an mayar da kowace ƙasa fili mai kusurwa huɗu daidai wa daida. Kowane gefe na Najeriya zai zama kimanin kilomita 961, na Nijar kuwa kimanin 1,126. Bambancin gefen kashi 17 ne kawai, amma ya haifar da bambancin fili na kashi 37, kuma manomi ya san dalilin haka, domin idan aka ninka tsawon gona da faɗinta sau biyu biyu, gonar da za ta fito ta ninka ta farko sau huɗu. Wannan ne ya sa ido ke raina bambancin faɗi.

Ido yana da wata matsalar da ta fi wannan girma, ita ce taswira. Duniya dunƙulalliya ce, kuma babu yadda za a shimfiɗa ta a kan takarda ba tare da an ja wani sashe ko an matse wani ba, kamar yadda ɓawon lemo ba ya shimfiɗuwa sai ya yage. Taswirar da ta fi yaɗuwa a bangon azuzuwa da wayoyin hannu ta samo asali ne daga zanen Gerardus Mercator na shekarar 1569, wanda ya tsara shi domin matuƙa jiragen ruwa, ta yadda layin da aka ja a miƙe zai dace da alkibla guda a teku. Zanen ya biya wannan buƙata, amma farashinsa shi ne kumbura filayen da ke nesa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu. A digiri 60 arewa da ikwaita, inda Oslo da Helsinki suke, fili yana bayyana ninki huɗu na ainihinsa, a digiri 70 kuma fiye da ninki takwas. Shi ya sa tsibirin Girinlan, mai faɗin 2,166,086, yake bayyana kamar ya kai Afirka, alhali Afirka mai murabba'in kilomita fiye da miliyan 30 ta ninka shi kusan sau 14, kuma Aljeriya ita kaɗai ta fi shi. Tsakanin Najeriya da Nijar karkatar ba ta kai haka ba, amma tana nan. Najeriya tana tsakanin digiri 4 da 14 arewa, inda kumburin bai wuce kimanin kashi 6 cikin ɗari ba, arewacin Nijar kuwa ya haura digiri 23, inda kumburin ya kai kashi 18. A ganina wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin yaron da ya tashi yana kallon irin wannan taswira kullum zai girma da ƙanƙantaccen hoton nahiyarsa a zuciya, kuma dalilin da ya sa ke nan Tarayyar Afirka ta goyi bayan kiran sauya taswirar a watan Agusta na 2025.

Maganin shi ne a nemi taswira mai kiyaye faɗi, irin ta Gall da Peters, ko ta Mollweide, ko Equal Earth da aka fito da ita a 2018, ko kuma a duba dunƙulen duniya na tebur, wanda shi ne ya fi kowace taswira gaskiya. Akwai kuma shafin intanet mai suna The True Size Of, inda ake jan hoton ƙasa a ɗora shi a kan wata, a ga yadda yake kumbura idan ya yi arewa, yake tsukewa idan ya kusanto ikwaita.

Malamin da ba shi da intanet a ajinsa yana iya yin gwajin da hannu, kuma ɗalibai sun fi riƙe abin da suka ƙirga da kansu. A sami taswirar Afirka ta Yamma mai kiyaye faɗi wadda ta ƙunshi ƙasashen biyu a shafi ɗaya, domin littattafan taswira sukan ba kowace ƙasa shafi guda da sikeli daban, wato yadda aka ƙanƙanta kowacce ba ɗaya ba ne, har Togo ta cika shafi kamar yadda Nijar ta cika nata. A ɗora takarda mai shara-shara da aka zana wa gidaje na santimita ɗaya ɗaya, a bi iyakar kowace ƙasa da fensir. A ƙirga gidajen da suka faɗa cikin iyaka gaba ɗayansu, sannan a ƙirga waɗanda iyaka ta ratsa a raba adadinsu biyu, a haɗa da na farko. Idan sikelin taswirar 1:10,000,000 ne, santimita ɗaya tana wakiltar kilomita 100, gida ɗaya kuma murabba'in kilomita 10,000, don haka ana sa ran Najeriya ta ba da gidaje kimanin 92, Nijar kuma kimanin 127. Kuskuren gida uku ko huɗu ba abin damuwa ba ne, kuma yin amfani da ƙananan gidaje yana rage shi.

Daga ƙarshe, idan dalilin kwatancen ya shafi noma ko kiwo ko cunkoson jama'a, faɗi shi kaɗai ba zai wadatar ba, sai an duba yadda filin yake da inda mutane suke zaune. Kusan kashi huɗu cikin biyar na Nijar hamada ce. Jihar Agadas ita kaɗai tana da faɗin 667,799, fiye da rabin ƙasar, amma ƙidayar 2012 ta sami mutum 487,620 a cikinta, wato ƙasa da mutum ɗaya a kowane murabba'in kilomita. A wannan ƙidaya Jihar Maraɗi, mai faɗin 41,796, tana da mutum fiye da miliyan 3.4, kimanin 81 a kowane murabba'in kilomita. A Najeriya ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9, abin da ya haura 460 a kowane murabba'in kilomita. Lissafin cunkoso raba yawan jama'a ne da faɗin tudu, kuma shi ma yana buƙatar a ɗauki yawan jama'ar ƙasashen biyu na shekara ɗaya, domin ƙidayar 2006 da ta 2012 shekara shida ce tsakaninsu, a yankin da jama'a ke ƙaruwa da sauri. Wanda ya raba mutum miliyan 17.1 na ƙidayar Nijar da faɗin ƙasar gaba ɗaya zai sami kimanin 13 ko 14 a kowane murabba'in kilomita, adadin da bai yi kama da Agadas ba, bai kuma yi kama da Maraɗi ko Dosso ba, inda gonaki suka haɗe da juna tun daga bakin iyaka. Idan tambayar ta shafi filin noma, sai a gwada jihohin kudancin Nijar da jihohin arewacin Najeriya da ke fuskantarsu, Maraɗi da Katsina, Tawa da Sakkwato, Damagaram da Jigawa, kuma a nemi adadin hektar da ake nomawa daga jadawalin Hukumar Abinci da Aikin Gona, na shekara ɗaya ga ɓangarorin biyu.